Bayan maganin kansa, me ya sa likitoci ke sa ido kan zuciya?

Yau a fagen lafiya cikin ɓargo za mu leƙa, don can ake ƙera jini. Akwai wasu ƙwayoyi a ciki da za mu kira uwayen jini, su ke haifar da jajaye da fararen ƙwayoyin da ke yawo a jikinmu.

Idan shekaru suka ja, ɗaya daga cikinsu kan samu tangarɗa a tsarin halittarta, sai ta yi ta hayayyafa fiye da ƴan uwanta. Likitoci na ce ma wannan CHIP. Ba kansa ba ne, ba ya ciwo, kuma kusan mutum 1 cikin 10 na waɗanda suka haura shekara 70 na ɗauke da shi.

To ina ruwan maganin kansa? Ku ɗauki gonar da aka fesa wa maganin ciyawa: mai taurin kai ita ke saura, ta mamaye fili. Haka shimiyo da gashin haske ke yi a ɓargo. A 2020, bincike kan majinyata sama da 24,000 a asibitin Memorial Sloan Kettering na Amurka ya nuna gashin haske da magunguna irin su carboplatin na ba ƙwayoyi masu tangarɗar TP53 da PPM1D damar yaɗuwa.

Ga inda zuciya ta shigo. Fararen ƙwayoyin da irin waɗannan uwaye suka haifa suna hura kumburi a bangon jijiyoyi, kitse ya taru, hanyar jini ta ƙuntata. A 2017, Siddhartha Jaiswal da abokan aikinsa a Boston sun gano masu CHIP na fuskantar kusan ninki biyu na haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya. Wannan ban da doxorubicin, maganin da shi kansa kan raunana tsokar zuciya.

Kada wani ya ji wannan ya gudu daga shimiyo, wallahi kansar da aka bari ta fi kisa nesa ba kusa ba. Amma tun da aka fara gashin haske a cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai a 2021, zancen ya shafe mu. Wanda ya gama magani ya riƙe takardunsa, ya faɗa wa duk likitan da ya duba shi irin maganin da ya sha, a riƙa auna masa hawan jini da suga, ya bar taba. Idan numfashi ya fara yankewa, ƙafafu na kumbura ko ƙirji na ɗaurewa, a tafi asibiti ranar, ba sai an jira randebu ba.