Tsawon Allon Zamiya da Haƙurin Mai Koyo



Mas'alar da ke gabanmu yau ta wani ɗalibi ce da ke karatu a birnin Bursa na ƙasar Turkiyya, wanda abokan karatunsa suka ja shi zuwa dutsen Uludag a tsakiyar hunturu, suka ɗaura masa allunan zamiya a ƙafa, suka sake shi bisa dusar ƙanƙara, ya faɗi ya tashi, ya sake faɗuwa, har dai abin ya shiga ransa, ga shi yanzu ya koma sau huɗu yana hayar kaya. Tsawonsa santimita 175 ne, allunan da ake ba shi haya kuwa 155, sai ga wani yana sayar da nasa na hannu masu tsawon 180 a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Shin ya saya, ko ya bari? Amsarmu ita ce ya bari. Amma da yake hukunci ba ya natsar da zuciya sai an zo da hujjarsa, bari mu ɗauko zancen daga tushe.

Mutanen Nowe su ne magabatan wannan fanni, kuma a cikinsu ana yawan ambaton Sondre Norheim, wanda aka haifa a 1825 a ƙauyen Morgedal na yankin Telemark, saboda ya shahara da allo mai ɗan tsukakken ƙugu da maɗauri mai riƙe dunduniya, abubuwa biyu da suka ba mai zamiya ikon karkata yadda ya so. Duk da haka alluna sun daɗe suna da tsawo ƙwarai, har ƙa'idar da malaman dā suka gada ita ce mutum ya miƙa hannunsa sama, inda wuyan hannun ya tsaya nan ne tsawon allonsa, watau kimanin mita biyu ga namiji matsakaici, ko gwani ne ko ɗan koyo. Allah kaɗai ya san yawan waɗanda wannan ƙa'ida ta kora daga dutse tun ranar farko. Sai wajen 1993, lokacin da kamfanin Elan na ƙasar Sulobeniya ya fito da samfurin SCX mai faɗin kai da faɗin wutsiya da siririn ƙugu, aka ga cewa allo gajere yana iya yin abin da dogo ke yi, har ma ya fi shi saurin juyawa. Cikin 'yan shekaru sauran maƙera suka bi sahu, tsohuwar ƙa'ida kuwa ta zama mansukhiya.

Hikimar ƙugun nan ita ce, idan mai zamiya ya karkatar da allon bisa bakinsa na ƙarfe, ya danna shi da nauyin jikinsa, sai ya lanƙwashe kamar baka, bakin ya yanki ƙanƙara a zagaye, mutum ya juya ba tare da kokawa ba. Girman wannan zagaye maƙera kan rubuta shi a jikin allon. Na mai koyo ya kamata ya kasance tsakanin mita 12 zuwa 15. To, gwargwadon tsawon allo da taurinsa, gwargwadon ƙarfi da gudun da yake bukata kafin ya yarda ya lanƙwashe, alhali kuwa mai koyo ba shi da gudun, ba shi kuma da ƙarfin zuciyar da zai jefa jikinsa gaba a kan gangare. Saboda haka abin da jumhurun malamai suka tafi a kai yau shi ne a tsayar da allon a gaban mutum: na ɗan koyo ya tsaya tsakanin haɓa da hanci, na matsakaici tsakanin hanci da goshi, gwani kuwa ya kai tsakar kai ko ya wuce. Sai dai akwai sharaɗi guda da akan manta, shi ne allo bai san tsawon mai shi ba, nauyinsa ya sani; mai jiki sai ya ƙara santimita kaɗan, siriri kuma ya rage.

Wanda ke jin kunyar gajeren allo, yana ganin kamar an raina shi ne, to ya dubi gwanayen duniya. A gasar kewaye sanduna, inda juyi ke bin juyi ba numfashi, mafi ƙarancin tsawon da doka ta yarda wa maza shi ne santimita 165, kuma yawancinsu a nan suke tsayawa, ko da ƙarti ne. A tseren gangarowa kai tsaye, inda gudu kan wuce kilomita 130 a sa'a, sai 218 zuwa sama. Ashe tsawo ba daraja ba ne, aiki ne ke hukunta shi.

Yanzu mu zo inda kuɗin ɗalibin namu ya kamata su fara zuwa, watau takalmi, domin shi ne wasiɗa tsakanin niyyar mutum da allonsa, idan ƙafa tana yawo a cikinsa kuwa, saƙon da gwiwa ta aika ba zai isa ba sai a makare. Ka shiga shagon mai gyaran takalmin zamiya wanda ya san aikinsa, za ka ga ya zaunar da kai, ya auna ƙafarka da santimita, dama daban hagu daban, sa'an nan ya zare laushin da ke ciki, ya sa ka zura ƙafa a cikin ƙoƙon robar tsurarsa, ka matsa gaba har yatsu su taɓa, shi kuma ya leƙa bayan dunduniya da 'yar tocila yana neman tazarar da ba ta wuce yatsa ɗaya zuwa biyu ba. In ya mayar da laushin ya ɗaure maka, za ka ji yatsunka na shafar gaba, ka ce ya matse. Sai ya ce ka durƙusa kaɗan, ka tura ƙwauri gaba, nan take yatsun su ja baya, dunduniya ta zauna daram. Wannan shi ne daidai. Mu da muka saba a saya mana takalmin Sallah da girma don mu girma a ciki, a nan sai mu yi hattara, gama laushin nan yana saki da kansa bayan 'yan kwanaki, wanda ya yi daɗi a shago kuwa shi ne zai yi sako-sako a kan dutse. Safa guda ɗaya siririya ta wadatar. Akwai kuma lambar tauri a jikinsa: wajen 70 zuwa 90 ya ishi namiji mai koyo, 130 na 'yan gasa ne, ko da yake mizanin kowane kamfani ya ɗan saɓa da na ɗan'uwansa.

Babbar illar allon hannu kuwa tana wajen maɗauri, ƙarfen nan da ke kama takalmi ya kuma sake shi idan an faɗi. Wani ɗan asalin Nowe mazaunin Amurka, Hjalmar Hvam, shi ya ƙirƙiro mai sakin kansa bayan ya karye a ƙafa a 1937. A yau ana saita ƙarfin riƙonsa da lamba, bisa lissafin nauyin mutum da tsawonsa da shekarunsa da tsawon tafin takalminsa da matsayin iyawarsa. In lambar ta yi ƙasa allo ya sulluɓe ana tsakiyar juyi, in ta yi sama ya ƙi saki, ƙwauri ko gwiwa su biya diyya. Maɗaurin da aka saita wa wani, aka huda allo daidai da takalminsa, aka kuma jefa a ɗakin ajiya shekara da shekaru, ba abin amincewa ba ne har sai masani ya gwada shi da na'ura, kuma akwai tsofaffin da shaguna ke ƙin taɓawa sam. Kada mai koyo ya ɗauki sukuddireba ya ce zai yi ijtihadi da kansa. Hular kwano kuwa wajibi ce, kuma sabuwa, domin wadda ta taɓa shan duka mai tsanani ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga ba.

An ce zanen aro ba ya rufe katara, amma a wannan babi aro ya fi mallaka, saboda mai haya yana iya canza tsawo duk ranar da ya ga dama, yau 155, gobe 160, har ya gane nasa. Alamomin lokacin ƙari ba su ɓuya: ya daina haɗa kawunan alluna kamar garma, yana juyawa da su a jere, ya bar gangare mai alamar shuɗi ya shiga mai ja ba tare da faɗuwar gaba ba, ya fara jin kan allon na kakkarwa in ya ɗauki gudu. Sai ya ƙara santimita 5 zuwa 10, ya gwada samfuri biyu ko uku, ya jira ƙarshen hunturu, wajen Maris ko Afrilu, sa'ad da farashi ke karyewa. Rarar kuɗin ya ba malami. Ba kaya ke yin gwani ba: Kwame Nkrumah-Acheampong, wanda ya wakilci Gana a gasar Olamfik ta hunturu a Bankuba a 2010, a wani rufaffen ɗakin ƙanƙara na garin Milton Keynes a Ingila ya koya, inda yake aiki, yawan maimaitawa ne jarinsa.

Saboda haka, ɗalibinmu na Bursa, ka bar wa mai 180 kayansa, ka sayi takalmin da ya kama ƙafarka da hular kwano, ka ci gaba da hayar allo tsakanin 155 da 160 har hunturun bana ya fita. In kuwa shekara ɗaya ko biyu ta rage maka ka dawo gida, to kada ma ka sayi allon sam, don ba inda za ka kai shi. Allah ya tsare gwiwa, ya ba da sa'ar karatu.