Wa Ke Shanye Muryar Bas?

Asabar biyu a jere jitata bas ta yi mini abu iri ɗaya. Mukan fara kiɗan biki bayan sallar isha'i, murya garau, ƙasa na amsawa a ƙarƙashin ƙafafun masu rawa. Da an yi kamar awa ɗaya, sai tsirkiyar nan mai kauri ta fara dusashewa. In na matsa mata, sai ta yi ƙara kamar ana yaga tsohon buhu. Watan Afrilu ne, zafin Yamai ya haura digiri 40, amma ba zafi ne ya sa ni gumi a daren nan ba.

Wanda bai taɓa kiɗa cikin ƙungiya ba zai ce abin bai kai ya kawo ba. Sai dai a kiɗan Yamai, inda jita ke gudu, kalangu na magana, mai ganga na sassaƙa lokaci, bas ce turken da kowa ke ɗaure a jikinsa. Saurari faifan Kaani na Tal National, wanda ya fito a 2013, ko kiɗan Mamar Kassey na Yacouba Moumouni: in ka cire bas a zuciyarka, sai ka ji ginin ya rasa tushe. A daren farko, a Yantala, na ga ƙawayen amarya suna sassauta rawa ba tare da sun san dalili ba. Ni na sani.

Tawa bas irin mai batir ce, wanda a nan muke ce wa pil. Wadda Leo Fender ya fitar a 1951 ba ta da shi, amma tun da StingRay ta Music Man ta shigo kasuwa a 1976 aka saba da bas mai ɗan ƙaramin ampili a cikinta, mai cin batir na volt 9. Saboda haka shi na fara zargi. Ranar Lahadi na sa sabo, na gwada, murya ta dawo, na mayar da ita ɗakin kayanmu da ke gidan iyayena a Bukoki. Asabar ta zagayo, muna Harobanda, can tsallaken gadar Kennedy, sai ga ƙarar nan ta dawo daidai lokacinta. Na ce to, batir ya fita daga zargi, tunda kwanansa shida kacal.

Da aka tsaya cin abinci, muka bi sawu ɗaya bayan ɗaya. Mai jitarmu ya ce wuta ce, don injin wuta aka kunna a gidan. Na kasa kunne. Gurnanin wutar lantarki ba ya ɓuya: wutarmu tana juyi 50 a daƙiƙa, kuma in ta shiga ampili, kukanta ba ya yankewa ko ka buga tsirkiya ko ba ka buga ba. Wannan kuwa ba ta tashi sai na buga. Ban da haka, jitarsa da ampilina wuri ɗaya suke shan wuta, tasa lafiya lau. Muka wanke wuta.

Sai lasifika. Tsirkiya mai kauri tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, kuma ita ce ke fara tona asirin lasifikar da takardarta ta tsage. Muka zare wayata muka sa a ampilin mai piyano. Ƙarar ta biyo ni can. Muka sake waya, ta sake biyo ni. Ciwon dai a jikin bas yake.

Washegari na zauna da ita a gida. Itacen wuyanta ya sha hunturu wata uku, ga bazara ta ɗora nata, har bakin ƙarafan da ke jere a wuyan ya fara kartar yatsa, alamar itace ya tsuke. In wuya ya lanƙwashe baya, tsirkiya takan goga ƙarfe ta yi zizar da ke kama da wannan. Na danne tsirkiya a ƙarfen farko da na ƙarshe, na duba tsakiya: akwai ɗan sarari, kaurin kati, yadda ake so. Na buga ba tare da ampili ba, babu ziza ko kaɗan. Na murɗa maɓallan murya ko ƙura ta shige su, shiru, ga shi kuma ƙura sai ana murɗawa take ƙara. Da na haɗa ta da ampili, ta yi daɗi na ɗan lokaci, sannan ta shaƙe.

Ruwa ba ya tsami banza. Ranar Litinin na ɗauke ta zuwa kasuwar Katako, wurin wani dattijo mai gyaran rediyo. Ya saurare ni har na gama, sannan ya buɗe murfin baya ya ɗora ma'auni a kan batir. Allura ta tsaya wajen volt 6.

Na ce, "Baba, kwana takwas ke nan da na sa shi."

Ya ce, "Ɗana, batir bai san kwana ba, aiki ya sani."

Ya bayyana mini abin da ya ɗaure mini kai: batir mai araha in ya gaji, aka bar shi ya huta, yakan ɗan farfaɗo. Shi ya sa nake samun awa ɗaya mai kyau kafin ya durƙushe, kuma babbar tsirkiya ce ke fara shaƙewa don ita ta fi neman ƙarfi. To me ya gajiyar da shi? Baba ya sa sabon batir ya auna ko bas na satar wuta tana ajiye. Ko ɗigo. Sai ya ɗauki kan waya ya cusa a raminta, allura ta motsa nan take. Ashe ramin nan shi ne makunni: muddin waya na ciki, batir na ci, ko da ba a kunna ampili ba, ko da tana jingine a bango.

Na ce ni ban taɓa barin waya a ciki ba. Ya dube ni ya ce, "To, wa ke kwana da ita?"

Na mayar da ita ɗakin kaya ban ce wa kowa komai ba. Daren Laraba, wajen ƙarfe 11, na shiga gidan ba sallama mai ƙarfi. Daga ɗakin wata murya ke fitowa ƙasa-ƙasa, kiɗan da nake bugawa in amarya za ta fito, ana yi ana tuntuɓe ana sakewa. Na tura ƙofa. Ƙanena ne, autanmu mai shekara 15, wanda ke ɗaukar mana kaya. Ya haɗa bas da wani tsohon ampili, ya rage murya don kada a ji. In ya gama, sai ya kashe ampilin ya jingine ta da wayarta. Sai safiyar Asabar yake zarewa, ya goge ta, ya sa a jaka. Daga Litinin zuwa Asabar ya fi awa 100, daidai da bikin Asabar 20 na awa biyar-biyar.

Ya miƙe jikinsa na rawa. "Yaya, ka yi haƙuri. Wallahi ban ɓata komai ba."

Na kama hannunsa na hagu na shafa kan yatsun. Sun yi kanta. Wannan ba aikin mako biyu ba ne. Ya ce ya fi wata uku yana yi a bushe, kwanan nan ne ya samo ampilin don ya ji muryarta. Shekara biyu yana ɗaukar jakar nan a kafaɗa, yana tsaye bayan lasifika yana kallon hannuna, ban taɓa tambayarsa ko yana so ba.

Na ce ya zauna. Na gyara masa babban yatsa a bayan wuyan, na nuna masa inda yake tuntuɓe, muka maimaita har ya wuce wurin sau uku ba kuskure. Da muka tashi, na ce, "Auta, darasin farko ke nan: in ka gama, zare waya." Ya zare ta da kansa, ya naɗe, ya rataye a ƙusa. Ranar Asabar bas ta kai mu har ƙarshen biki da muryarta, kuma shi ya buga kiɗan fitowar amarya.