Sarkin Yawa da Sarkin Ƙarfi a Kasuwar Kwamfuta



Mai POS ɗin da ke zaune ƙarƙashin lema a kasuwar Daura ko ta Mai'adua, 'yar na'urar da ke hannunsa tana ɗauke da ƙwaƙwalwa irin ta wayar salula. Masana na ce mata furosesa. Ana buga irinta da miliyoyi, shi ya sa take araha.

Da ba haka abin yake ba. A 1964 kamfanin IBM na Amurka ya fito da System/360, ƙatuwar kwamfuta mai cinye ɗaki guda, da na'urar sanyaya ta, da ma'aikatanta na musamman. Sai irin su gwamnati, ko banki, ko babbar jami'a ke iya ɗaukar nauyinta.

To, me ya karya mata kasuwa? Sarkin yawa, wanda Bahaushe ya ce ya fi sarkin ƙarfi. Google, da aka kafa a 1998, bai bi ta kan manyan injuna ba. Ƙananan kwamfutoci na gama-gari ya jera dubbai, ya rubuta manhajar da ke raba musu aiki. In ɗaya ta mutu, sauran su ci gaba, ma'aikaci ya zare ta ya sa wata, babu wanda ya ji a jikinsa. Shi kuwa kamfanin Sun Microsystems, mai sayar da manyan sabobi masu tsada, wato kwamfutocin da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, ya ƙare a hannun kamfanin Oracle a 2010.

Amma kada a yi gaggawar yi wa babbar kwamfuta jana'iza. A 2014 IBM ya sayar wa Lenovo na ƙasar Sin sashensa na sabobi masu araha, domin ribarsu ba ta taka kara ta karya ba, ya riƙe manyan. Ko a 2025 ya fito da sabuwa, z17, kuma manyan bankunan duniya na saye, don mai riƙon kuɗin jama'a ba ya son sauya abin da bai taɓa ba shi kunya ba.

Mu dai a nan, mai arahar ce ta iso mana. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, da ita 'ya'yanmu ke zanawa, wani lokaci ma ta gwanjo. A ganina, ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, gara ya ƙware a manhajar Linux da haɗa ƙananan kwamfutoci, can aikin yake. Sai dai mai shirin buɗe cibiyar kwamfuta ya sani, da dala ake sayo su, kuma kuɗin man janareta ko na sola na nan na jiransa.