Kunkuru Ba Ya Kuka: Abin Da Na Koya Bayan Na Ceto Ɗaya A Karu



Wata uku da suka wuce tirelar shanun Baba ta iso Karu daga Potiskum. Muna cikin sauke kaya sai na ga yara sun taru a bayan mota suna ihu. Da na leƙa, ashe kunkuru ne yaron mota ya tsinto a hanya. An huda gefen ƙoƙon bayansa da ƙusa an zura waya, wannan ya ja, wancan ya kifar da shi rigingine. Na ba yaron motar ɗan na abinci, na saka kunkurun a kwali na kai gida.

Umma na ganinsa ta ce, "Sake shi a tsakar gida kawai, ai kunkuru ba ya buƙatar komai." Haka yawancinmu muka ɗauka. Saniya in ta ji yunwa za ta yi kuka, akuya kuwa ta hana unguwa barci. Shi kunkuru sai ya yi wata da watanni yana ciwo ba wanda ya sani. Ga abin da na koya, yawanci daga likitan dabbobin da ke duba mana shanu.

Fara sanin wane iri ne

Nawa irin na sahel ne, mai launin rairayi, da ƙayoyi masu kauri a cinyoyin baya. Shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Yakan wuce kilo 50, ya kuma haura shekara 50 a raye. Na Ibadan da Ogbomoso za su tuna Alagba, kunkurun fadar Soun da ya mutu a Oktoban 2019. Fada ta ce shekarunsa 344, masana dai sun yi tantama, amma irin nawa ne.

Wanda kuka fi gani a kasuwannin kudu ƙarami ne, bayan ƙoƙonsa na lanƙwasawa ya rufe ƙafafun baya kamar murfi. Shi inuwa da danshi yake so, yana cin dodon koɗi, tana da 'ya'yan itace. In ka yi masa rainon na sahel, ka kashe shi.

Ƙoƙon bayansa ƙashi ne

Haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe suka zama ƙoƙon, akwai jini da jijiya a ciki. Wanda ya huda shi don ɗaure igiya, kamar ya huda ƙashin mutum ne. Likita ya cire wayar, muka riƙa wanke wurin muna hana ƙuda sauka. Kada a shafa masa fenti, kada a bar shi a kife, musamman cikin rana.

Ruwa kafin abinci

Kwana biyar na farko bai ci komai ba, idanunsa sun faɗa. Kullum da safe nakan zaunar da shi a faffaɗan kwano da ruwa mai ɗumi kaɗan na minti 15 zuwa 20, ruwan ya tsaya ƙasa da haɓarsa. A nan yake sha, a nan yake kashi. Kunkurun tudu ba kififiya ba ne, bai iya iyo ba. Wanda ya jefa shi kududdufi wai ya taimake shi, nutsar da shi ya yi.

Abincin na sahel kuwa kusan na saniya ne: ɗanyar ciyawa da busasshiya, sai ɗan ganyen kabewa ko rama. Ban da tuwo, shinkafa, burodi da nama. Kankana da mangwaro sai jefi-jefi, don suna ɓata masa ciki. Nakan daka ɓawon ƙwai in barbaɗa masa, in bar shi ya sha hantsi, saboda in ba rana ƙashinsa laushi yake yi.

Masu dabbobi, ku kula da nan

Na cire masa kaska shida a hammata da gindin wutsiya. Kaskar kunkuru na iya ɗauke da cutar nan da ke tara ruwa a kewayen zuciyar shanu, tumaki da awaki. Saboda ita Amurka ta hana shigo da irin wannan kunkurun a shekarar 2000. Don haka kada sabon kunkuru ya kwana kusa da turke sai an duba shi tas.

Ni kuma na kusa yin aika-aika. Na ɗauko Ivomec da muke yi wa shanu zan yi masa, Allah Ya sa na fara kiran likita. Ya ce, "Kul! Wannan allurar guba ce gare shi, shanye masa jiki take yi ya mutu." Da ɗan hantsaki ake cire kaskar ɗaya bayan ɗaya.

Bayan an taɓa shi a wanke hannu da sabulu, don kashinsa na ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa gudawa da zazzaɓi. Yara masu rarrafe kada su kusance shi.

Wurin zama

Daɓen siminti ba wurinsa ba ne. A daji rami yake haƙawa ya fake wa zafi, shi ya sa na killace masa gefen gida mai ƙasa, da rumfa, da katangar da ba ya hango waje. Damina a Abuja ma ta yi masa yawa, balle Legas ko Fatakwal. In ya daɗe a jiƙe cikin sanyi, sai majina da kumfa a hanci da numfashi baki buɗe. Ka ga haka, sai likita.

Kafin ka ce kana so

Kunkurun sahel yana cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma Najeriya na da dokar taƙaita fataucin irin waɗannan namun daji tun 1985. Abin da ya fi taɓa ni, cikin dalilan raguwarsa har da yawan kiwo da ke cinye ciyawar da yake rayuwa a kai, da ƙona daji, da masu kamawa su sayar. Wato mu masu cin abinci da shanu muna da hannu.

Don haka kada ka saya don sha'awa, kowane ciniki yana tura wani daji ya kamo wani. In ka gan shi lafiya lau a dajinsa, bar shi. In kuma ɗaki ɗaya kake haya a Agege ko Sabo, nemi likitan dabbobi ko masu kula da namun daji ka miƙa musu. Duk mun ji labarin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ba.

Nawa dai ramin ƙusar ya bushe, yana cin ciyawa kamar ɗan maraƙi. Umma da ta ce ba ya buƙatar komai, yanzu ita ke tambayata da asuba ko na ɗuma masa ruwa. Baba kuwa ya ce in fara tunanin wanda zan bar wa shi gado.