Daga Madatsar Galma zuwa Famfon Ƙofar Galadima

Duk ɗalibin da ya karanta ilimin halittu ya san cewa aikin zuciya tura jini ne kawai. Sai jinin ya bi manyan jijiyoyi, ya shiga ƙanana, har ya isa siraran da ba a ganinsu sai da madubin likita, sa'an nan tsokar jiki ke samun abinci da iskar da take bukata. Lokacin da William Harvey na Ingila ya bayyana zagayawar jini a 1628, bai ga siraran jijiyoyin nan ba. Marcello Malpighi na Italiya ne ya gano su a huhun kwaɗo a 1661. Ƙirar aikin ruwan Zariya ta yi kama da wannan ƙwarai, kuma da shi za mu yi misali don ganin yadda masana iri biyu, wato manajan aiki da injiniyan tsari, suke haɗa hannu a kan babban aiki.

Aikin ya kasu huɗu ne, kowane kashi da mai ɗaukar nauyinsa. Gwamnatin Tarayya ta gina madatsar ruwa a kan kogin Galma, cikin ƙaramar hukumar Kubau. Gwamnatin Jihar Kaduna ta gina matatar da aka tsara za ta tace lita miliyan 150 a rana, aka ƙaddamar da ita a 2017. Wannan adadi ya yi daidai da jarka miliyan 6, irin mai lita 25 ta 'yan garuwa. Bankin Musulunci na Raya Ƙasashe ya ba da rancen manyan bututu da tankunan ajiya, shi kuwa Bankin Raya Afirka ya amince a 2012 da rancen bututun raba ruwa cikin unguwanni. Amma fa ɗigon ruwa bai san kwangila ba. Dole ya ratsa kashin nan huɗu a jere kafin ya fito a famfon wani gida a Ƙofar Galadima.

Manajan aiki shi ne mai tsaron lokaci da kuɗi da ma'aikata. Yakan zana jadawalin da zai nuna aikin da dole ya gabaci wani, da wanda jinkirinsa zai tsai da kome. Alal misali, shi zai lura cewa haƙa rami a lungu cikin watan Agusta, lokacin marka, neman wahala ne, ko kuma injin da za a kawo daga waje zai ɗauki watanni.

Shi kuwa injiniyan tsari daga ƙarshe yake farawa. Mutum nawa ne za su sha? Da wane ƙarfi ruwa zai fito a famfo mafi nisa? Yaya tsabtarsa za ta kasance sa'ad da ya iso? Daga amsoshin nan yake komawa baya, ya ƙayyade faɗin bututu, da tsawon tanki, da ƙarfin injin tura ruwa, da wutar da injin zai ci. Idonsa yana kan mahaɗa, wato inda aikin wani ya ƙare na wani ya fara, domin a nan ne kowa ke cewa ba nasa ba ne. Ko hukumar NASA ta Amurka ta ɗanɗana wannan a 1999, sa'ad da kumbonta ya salwanta a kusa da duniyar Mars, saboda wani rukunin ma'aikata ya yi lissafi da ma'aunin Ingilishi, ɗayan kuma da na mita.

Inda su biyun suka fi bukatar juna shi ne wurin canji. A ce bututun da aka tsara ya yi tsada, ko ya makara a hanya, ga kuwa wani siriri a kasuwa. A littafin manaja wannan riba ce. To, amma idan aka rage faɗin bututu da rabi, ruwan da zai ɗauka da ƙarfin turi iri ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin biyar na da ba. Mutanen bakin layi za su samu, na ƙarshen layi su ji iska kawai. Saboda haka bai kamata a sa hannu kan canji ba sai injiniya ya faɗi illarsa ga sauran sassa, manaja kuma ya faɗi kuɗinsa da kwanakinsa. Haka nan idan aka bar injiniya shi kaɗai, sai ya yi ta gyaran zane har wa'adin rance ya cika, jama'ar da ya ƙidaya kuma ta ƙaru.

A ganina na malamin ilimin halittu, kashin da aka fi rainawa shi ne mafi haɗari, wato siraran bututun cikin birni. Matata ana yanka mata ƙyalle, a ɗauki hoto, amma bututun lungu a ƙarƙashin ƙasa yake, ba mai ganinsa. A tsofaffin unguwanni na cikin ganuwa lunguna ƙanana ne, sau da yawa bututu da kwata kafaɗa da kafaɗa suke tafiya. Muddin bututu na cike da ruwa mai ƙarfi, ko da ya tsage waje zai yi yoyo. Da zarar an ɗauke ruwa, ƙarfin ya faɗi, sai tsagar ta zuƙo ƙazantar kwata zuwa ciki, tare da ƙwayoyin kwalara da na taifod idan akwai su. Ke nan yankewar wuta a wurin injin tura ruwa na iya zama amai da gudawa a gidan da ke nesa da shi. Ba kwangila ɗaya cikin huɗun nan da za ta hango wannan ita kaɗai.

Don haka ranar da za a rubuta "an kammala" a jadawali, su biyun ne ya kamata su tsai da ita tun farko, tare da gwajin da zai tabbatar da ita. Gwajin ba shi da wuya. A ɗebi ruwa a famfon ƙarshen layi, a Ƙofar Galadima ko Ƙofar Gayan, a auna sauran sinadarin kulorin da ke cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya gaza miligiram 0.2 a kowace lita a wurin da ake ɗiba. Sa'an nan a maimaita awon da rani da damina, da safe da yamma, musamman a sa'ar farko bayan dawowar ruwa.