Mai Ɗaga Ƙarfe, Ga Yadda Ake Rage Kitse a Bar Tsoka

A Jambutu da sauran unguwannin Garwa, da wuya ka zaga da yamma ba ka ga samari a bayan wani gida suna ɗaga ƙarfe ba. Wasu sun cika gwangwani biyu da siminti sun soka bututu a tsakani, wasu sun samo tsofaffin ƙarafan mota wurin makanikai. Abin ya kai har ƙauyuka. Tun da Francis Ngannou, wanda ya taso yana haƙar yashi a Batié, ya zama zakaran duniya na UFC a 2021, samari da yawa suna so ƙirjinsu ya buɗe kamar nasa. Motsa jiki abu ne mai kyau. Abin da yake kawo wasunsu asibiti shi ne hanyar da suke bi su sauke tumbi.

Ga yadda abin yake farawa, ɗan'uwa. In kana so tsoka ta ƙaru, dole ka ci fiye da abin da jikinka yake ƙonawa. Amma jiki ba ya mai da rarar duka tsoka, wani kashi yakan zama kitse. Bayan wata huɗu ko biyar sai ka ga damtse ya cika, wando kuma ya matse. Masu wannan wasa a ƙasashen waje sukan dakata a nan, su rage abinci na ɗan lokaci, mako biyu zuwa shida, kitsen ya sauka, sa'an nan su koma ga gina jiki. Dabara ce mai kyau in an yi ta a gajarce, an kuma yi ta da abinci.

Kafin kome, bincika ko kana bukatarta. Samo zare, ka auna tsawonka daga ƙasa zuwa ka, ka ninka shi biyu, ka zagaya cikinka da shi daidai cibiya. In bakin zaren ya haɗu ba tare da ka shanye ciki ba, ba ka da kitsen da za ka damu da shi. Yawancin samarin ƙauye da suke noma da ɗiban ruwa da tuka keke haka suke, matsalarsu ma ƙarancin abinci ne. Wanda bai kai shekara 18 ba kada ya rage abinci sam, gama jikinsa yana kan girma. Haka nan mai tarin fuka, da mai shan maganin ƙanjamau, da wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba. Mai ciwon sukari kuwa, in ya rage abinci yana shan maganinsa kamar dā, sukarin jininsa yana iya faɗuwa har ya suma, saboda haka sai ya ga likita tukuna.

Me ya sa muke cewa a gajarce? A 1944 zuwa 1945, a jihar Minesota ta Amurka, wani masani mai suna Ancel Keys ya yi gwaji da samari 36 lafiyayyu waɗanda suka ba da kansu. Wata shida ana ba su kamar rabin abincin da suka saba ci. Sun rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, tsoka ta zube tare da kitse, ƙarfinsu ya ragu, suka riƙa jin sanyi da saurin fushi, ba su da tunani sai na abinci. Da aka sake su suka ci yadda suke so, kitse ne ya riga tsoka dawowa, har ya fi na dā. Doguwar yunwa ke nan: tana cin abin da ka sha wahalar ginawa, ta mayar maka da abin da ka so ka rabu da shi.

A ce nauyinka kilo 70. Kada ka sauka fiye da giram 350 zuwa 700 a mako. Cikin mako huɗu zuwa shida za ka rasa kilo biyu zuwa huɗu, ya isa. A makon farko sikeli yana iya nuna fiye da haka, amma yawancinsa ruwa ne, kada ka ruɗu. Ka hau sikeli ɗaya, da safe kafin ka karya, sau biyu ko uku a mako.

Abin da za ka rage kamar kalori 500 ne a rana, wato ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki, kuma yawancinsa yana ɓoye cikin mai da sukari. Babban cokali ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko na auduga irin Diamaor, yana da wajen kalori 120. Cokali huɗu, ka gama lissafin ranar. Dubi man da yake yawo a kan miya, da wanda ƙosai da fanke suka sha, da madarar gwangwani mai kauri da mai shayi yake tsiyaya maka. Ƙaramin gwangwanin lemo yana ɗauke da sukari kamar ƙwaya bakwai. Giya da bilbil su ma lissafi ne, mai shansu kuwa da wuya ya ƙirga. Ka bar waɗannan, ka rage tuwon dare da kashi ɗaya cikin uku, ka cika kwanon da miyar yakuwa ko lalo ko zogale. Ka roƙi mai girkin gidan da ladabi ta ɗiba maka miya kafin ta ƙara mai, ba sai an canja tukunyar kowa saboda kai ba.

Abin da ba za ka taɓa ba shi ne abinci mai gina jiki, wato furotin, domin shi yake tsare tsoka. Mai kilo 70 yana bukatar giram 110 zuwa 150 a rana. Ƙwai ɗaya yana da giram 6. Dafaffen nama ko kifi mai girman tafin hannunka yana da 20 zuwa 25. A nan Allah ya hore mana: karfasa da tarwaɗa daga Binuwai da tafkin Lagdo, busasshen kifi mai araha, wake, awara da ba a soya ba, da nonon da Fulani suka cire wa mai. A ganina, kuɗin da saurayi zai kashe a kan garin furotin na gwangwani gara ya kai wa mai kifi. Ka ci gaba da ɗaga nauyin da ka saba, ko da ka rage yawan zagaye. Ka yi barci awa bakwai zuwa takwas.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Daga Maris zuwa Mayu zafin Garwa yakan wuce digiri 40. Da damina da lokacin tsinkar auduga kuwa aikin gona kaɗai ya isa ya rame da mutum. Sanyin Disamba da Janairu ya fi dacewa.

Yanzu ga abin da yake kashewa. Wasu sukan sayi Lasix, maganin sa fitsari, wurin masu tallar magani, wasu su sha shayin rage ƙiba wanda yawancinsa maganin zawo ne, wasu su naɗe ciki da leda su yi gudu da rana tsaka. Duk ruwa suke fitarwa, kitsen yana nan. Tare da ruwan, gishirin jinin da zuciya take bugawa da shi yana fita, ƙoda kuma ta bushe. Mohammed Benaziza, shahararren mai gina jiki ɗan asalin Aljeriya, ya mutu a Holan a 1992, sa'o'i kaɗan bayan ya ci gasa, jikinsa a bushe saboda irin wannan magani. Haka kuma ƙwayoyin ƙiba da ake kira “sha ka fashe”, waɗanda wasu suke sha a lokacin gina jiki: sau da yawa akwai deksametason a ciki, mai kumbura fuska da ciki, ya raunana tsoka, ya jawo hawan jini da ciwon sukari. In ka daɗe kana shansa, kada ka yanke rana ɗaya, ka zo a rage maka a hankali.

In mako shida ya cika, ka tsaya, ko da zaren bai haɗu ba. Ka mayar da tuwonka yadda yake, ka yi mako biyu nauyinka yana tsaye, sa'an nan ka ƙara abinci kaɗan-kaɗan. In kuwa ka ga jiri, ko bugun zuciya ba daidai ba, ko fitsari ya ragu ya yi duhu kamar shayi, ko kana ramewa alhali ba ka rage abinci ba, ka zo asibiti a ranar, ka riƙo kwalin duk maganin da ka sha.