Zancen Manoma a Gidan Amumune Sa'ad da Damina Ta Yi Gardama

Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar masallaci bayan sallar la'asar, a wani ƙauye na karkarar Gidan Amumune, cikin watan Agusta na shekarar da ruwa ya yi gardama, ya san irin zancen da manoma ke yi a wannan sa'a, ido yana gabas, baki yana lissafi. Wannan ya ce yau kwana goma sha biyu rabonsu da ruwa. Wancan ya ce geronsa na jigawa ya fara naɗe ganye tun hantsi. Wani dattijo kuwa, wanda ya ga daminu da yawa, ya tambayi abu guda kawai, shin geron ya yi ciki ko tukuna. A cikin wannan tambaya ta ƙarshe mas'alar duka take, kuma ina ganin ya wajaba mutanen birni su fahimce ta, domin da yawansu sun ɗauka cewa alherin damina a yawan ruwanta yake.

Ƙasar nan, da maƙwabtanta na Mayahi da Tasawa a jihar Maraɗi ta Nijar, mafi yawanta rairayi ce, kuma ruwan da take samu a shekara yakan kama tsakanin milimita 300 da 500, cikin abin da bai wuce wata uku da 'yan kwanaki ba. Rairayi yana shan ruwa da sauri, yana kuma sakinsa da sauri, don haka abin da manomi ke bukata shi ne rabo mai adalci, kaɗan-kaɗan a kai a kai. Gero tsiro ne mai haƙuri. Yana ƙarami, zai iya jure mako biyu ba ruwa, ya yi yaushi kamar ya mutu, sa'an nan ruwa guda ya tashe shi. Amma idan ya fitar da kai ya shiga bununi, wato lokacin da garin furen ke sauka domin ƙwaya ta ɗauru, to haƙurinsa ya ƙare, kuma ƙishin kwana goma a wannan gaɓa ya isa ya bar zangarniya doguwa, kyakkyawa daga nesa, wadda idan ka murza ta a tafin hannu ba abin da za ka gani sai ƙaiƙayi. Shi ya sa shekara biyu za su zo da ruwa daidai a ma'aunin ma'aikatan gona, alhali ɗaya ta cika rumbu, ɗaya ta bar shi wayam. Shi ya sa kuma gardama ba ta ƙarewa tsakanin mai riƙe da irin zango na iyaye, mai dogon kai da jinkirin nuna, da wanda ya koma ga iri mai sauri kamar HKP. Kowannensu yana da hujja, gwargwadon ranar da ruwa ya ɗauke.

Bayan ƙishi sai murzuna, wadda manoma ke ambatonta da ɓacin rai na musamman, domin tana zuwa ne bayan an gama wahalar noman farko da maimai. Asalinta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne na dare, wanda ke kwana cikin ƙasa rani duka, ya fito kamar wata guda bayan ruwan shuka, ya zuba ƙwai a kan gero daidai lokacin da yake fitowa. Tsutsar kuwa sai ta bi zangarniya tana yanke furanni, ta bar hanya a murɗe kamar an zana da wuƙa. A nan ilmi ya yi abin yabo: tun daga 2006 masu bincike na cibiyar INRAN ta Maraɗi, cikinsu har da Ibrahim Baoua, suka riƙa kiwon wani ɗan ƙaramin ƙwaro dangin zanzaro, wanda ke harbin tsutsar ya saka ƙwansa a jikinta, suna raba shi ga ƙauyuka cikin ƙananan buhunan algarara da ake ratayewa kusa da gonaki. Ga ƙuduji kuma, mai jan fure, wanda ke tsotsar gero ta saiwa, kuma yawansa shaida ce cewa gona ta gaji, tun da yanzu gado ya rarraba gonaki har ba mai iya barin fili ya huta.

Daminar 2004 ita ce misalin da bai kamata a manta ba. Ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta sauka a arewacin ƙasa, aka ƙiyasta giɓin hatsi na Nijar a kan tan 223,000, abin da bai kai kashi 10 cikin 100 na bukatar ƙasa ba. Giɓi ne wanda a takarda ake iya cikewa. Manoman wannan yanki kuwa sun san tun kafin girbi cewa damman da za su ɗaure ba za su kai su ko bazara ba, kuma abin da suka sani ya tabbata: buhun gero mai kilo 100 ya kai wajen jika 30 na sefa a tsakiyar 2005, hukuma ta fara da sayar da hatsi a farashi mai rahusa, ba a soma rabon kyauta sosai ba sai cikin Agusta, Shugaba Mamadou Tandja yana musun cewa akwai yunwa, ƙungiyar likitoci ta MSF kuwa ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a wannan shekara, akasarinsu a jihar Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa.

A ganina, abin da ya mayar da mugunyar damina yunwa shi ne abin da ya biyo bayan girbi. Talaka yana fitar da ɗan abin da ya samu kasuwa da kaka, sa'ad da tiya ba ta da daraja, domin biyan bashi da haraji da larurar gida. Idan damina ta kewayo, ranar da yake bukatar ƙarfin riƙe hauya, sai ya sayi geron nan nasa ninki biyu ko uku, ko ya ci bashin da za a biya da dami, ko ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar mai hali, ciyawa ta cinye tasa. Fuƙaha'u sun yi magana mai kaushi a kan ɓoye abinci domin jiran tsada, kuma shari'a ta ɗora ushuri a kan amfanin da ruwan sama ya shayar idan ya kai nisabi, wanda a ƙauyukan nan ake fitarwa dami ɗaya cikin goma. Amma a shekarar da kowa ya rasa, masu fitarwa kaɗan ne, masu karɓa kuwa gari duka.

Mutanen ƙasar Hausa sun raɗa wa yunwarsu sunaye: Kakalaba ta 1914, da El Buhari ta 1984, wadda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, hanyar da hatsi ke shigowa, matasa kuma ke fita. Dattawan da ke ambaton waɗannan sunaye a ƙofar masallaci suna gwada bana ne da su, domin su san matakin da za a ɗauka tun da sauran lokaci. Za a fita bayan gari sallar roƙon ruwa. Wanda ke da iri zai ƙara wake tsakanin geron ko Allah zai sa a dace. Mata za su fara shanya tafasa da yaɗiya, suna lura da inda anza ta yi 'ya'ya. Kafin a kira magariba kuma, an riga an san akuyar da za a kai kasuwa, da yaron da zai kama hanyar Katsina ko Kano ci-rani tun ba a ɗaure dami ba.